"Da" da "Ko": Inda Lissafin Yiwuwa Ke Kayar da Ɗalibai

Yaran gidanmu a Garwa suna da wata doka a wasan lido wadda babu wanda ya rubuta ta. Wai idan ka jefa ɗan lido sau biyar shida ba ta fito ba, to jifa na shida naka ne, dole ta fito. Wani dare ɗan yayata, wanda ke ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, kuma yake shirin jarrabawar fita da ake kira bak, ya ma kawo hujja. Ya ce, "Kawu, ai lissafi ne. Kowane jifa 1/6 ne. Jifa shida kuwa shida bisa shida, wato tabbas." Na miƙa masa ɗan lidon na ce ya jefa. Ya jefa sau takwas kafin shida ta leƙo, ƙannensa suna ta yi masa dariya.

Na daɗe ina koyar da lissafi, kuma wannan kuskuren na yaron shi ne kuskuren da nake gani kowace shekara, sai dai ya sauya riga. Yiwuwar abu guda ba ta ba kowa wuya. Ɗan lido fuska shida gare shi, kana son ɗaya, 1/6. Ƙwandalar da alƙalin wasa ke jefawa sama kafin a take ƙwallo fuska biyu gare ta, 1/2. Rikici yana farawa ne idan abubuwa biyu ko fiye suka haɗu a tambaya ɗaya: wannan da wancan, wannan ko wancan, ko kuma aƙalla ɗaya daga cikinsu. A nan ɗalibi yake tsayawa yana tunanin ko ninkawa zai yi ko tarawa, kuma sau da yawa canka kawai yake yi.

Bari mu fara da "da". Ka jefa ɗan lido sau biyu, kana son shida a na farko da shida a na biyu. Kada ka yi saurin neman ƙa'ida, ƙirga tukuna. Jifan farko yana iya fitowa ta hanya 6. A kan kowace ɗaya daga cikinsu, jifa na biyu ma yana da nasa hanyoyi 6. Jimilla 36 ke nan, kuma guda ɗaya tak ce a cikinsu take shida da shida. Amsa 1/36, wato 1/6 sau 1/6. Ninkawar ba daga sama ta faɗo ba. Ma'anarta ita ce kaso na kaso: a cikin jifa da yawa, kashi ɗaya cikin shida ne kawai za su tsallake shingen farko, sannan a cikin waɗanda suka tsallake ɗin, kashi ɗaya cikin shida ne za su tsallake na biyu. Shi ya sa duk lokacin da ka ƙara sharaɗi da "da", yiwuwar ba ta taɓa ƙaruwa. Ɗalibin da ya samu amsar da ta fi yiwuwar kowane ɗaya girma, ya san ya ɓata hanya tun kafin malami ya ɗauki jan biro.

Amma akwai tambayar da ya wajaba a yi kafin a ninka, kuma a ganina ita ce ƙashin bayan darasin gaba ɗaya: shin abin da ya faru da farko yana taɓa abin da zai faru bayansa?

Ɗan lido ba shi da tunani. Bai san abin da ya fito ɗazu ba, kuma babu bashin da yake jin ana bin sa. Bayan jifa biyar babu shida, jifa na shida 1/6 ne kamar yadda na farko yake. Kwandon goro kuwa daban ne. A ce a kwando akwai goro 10, farare 6, jajaye 4. Ka sa hannu ba ka dubawa, ka ɗauki ɗaya ka ba baƙo, ka sake ɗaukar wani. Yiwuwar na farko ya zama fari 6/10 ce. To amma kwandon ya riga ya canja: saura goro 9, farare 5. Yiwuwar duka biyun su zama farare ita ce 6/10 sau 5/9, wato 30/90, ɗaya bisa uku. Da a ce ka mayar da goron farko ka gauraya kafin ka sake ɗauka, da 6/10 sau 6/10 ne, 36/100. Littattafan da ake koyarwa da su cike suke da tulu mai ƙwallaye farare da jajaye, ana zaro su "da mayarwa" ko "ba mayarwa", kuma yara suna haddace kalmomin Faransancin suna neman su a cikin tambaya kamar mai neman allura. Ranar da mai tsara jarrabawa ya bar tulu ya kawo zancen zaɓen wakilai biyu daga aji, sai su rasa inda za su dafa, alhali goron nan ne dai: wanda aka zaɓa an cire shi daga kwando.

Hanyar da ban taɓa ganin ta yaudari ɗalibi ba ita ce zana bishiya. Daga tushe ka fitar da rassa biyu, fari da ja, ka rubuta 6/10 da 4/10 a kansu. Daga kowane reshe ka sake fitar da biyu, ka rubuta abin da ya rage a kwando. Idan kana bin reshe ɗaya daga tushe zuwa ganye, ninkawa kake yi. Idan rassa daban-daban suna kai ka ga abin da kake nema, sai ka tara su. Misali, a ce ana son goro ɗaya fari, ɗaya ja. Hanya biyu ce: fari sannan ja, 6/10 sau 4/9, wato 24/90, ko ja sannan fari, 4/10 sau 6/9, 24/90 kuma. A tara, 48/90. Jajaye biyu 12/90 ne. Yanzu haɗa 30 da 48 da 12, za ka ga 90 cif. Idan ganyayen bishiyarka ba su haɗu sun ba da ɗaya cikakke ba, akwai reshen da ka manta.

Wannan bishiyar ta taɓa raba mini gardamar da ba ta makaranta ba. Matan unguwarmu goma suna adashe, kuma da ƙuri'a suke tsara wadda za ta fara kwasa. Ana naɗe takardu goma, guda ɗaya ce mai alamar kwasar farko, kowa ta zo ta zara. Wata dattijuwa ta dage sai ita za ta fara zara, don a cewarta wadda ta zo daga baya ragowa take samu. Uwar adashen ta aiko a tambaye ni. Na ce, "Hajiya, mu lissafa." Ta farko tana da 1/10. Ta biyu, sai ta farko ta kuskure, 9/10, sannan ita ta dace a cikin tara da suka rage, 1/9. A ninka, 9/90, wato 1/10. Ta uku: 9/10 sau 8/9 sau 1/8, nan ma 1/10. Haka har ta goma, wadda ba ta da zaɓi ko kaɗan, takarda ɗaya ce ta rage mata, ita ma 1/10 ce tun daga farko. Zarar farko tana canja kwando, amma ba ta fifita kowa. Dattijuwar dai ta ce ta ji, kuma ita ta fara zara.

Sai "ko". Nan ne tarawa take, amma da tarko a bakin ƙofa. Idan abubuwan biyu ba za su taɓa faruwa tare ba, kamar a ce ɗan lido ya ba da biyar ko shida a jifa guda, sai a tara kawai: 1/6 da 1/6, 2/6. Idan kuwa suna iya haɗuwa, tarawa zalla za ta ƙirga wasu sau biyu. Ɗauki aji irin namu na nan arewa. A ce ɗalibai 60 ne, 40 suna jin Fulatanci, 30 suna jin Hausa. Aka kira ɗaya da ƙuri'a, mene ne yiwuwar yana jin Fulatanci ko Hausa? Mai gaggawa zai ce 70/60, ya haifi yara goma da babu su a rajista. Abin da ya manta shi ne a Garwa mutum ɗaya yakan sayi tumatir da Fulatanci ya juya ya yi cinikin yadi da Hausa. A ce 20 suna jin duka biyun. Su aka ƙirga sau biyu, don haka a ɗebe su sau ɗaya: 40 da 30, a cire 20, saura 50. Amsa 50/60. Goman da suka rage ba sa jin ko ɗaya daga cikin biyun, wataƙila Tupuri ne ko Mundang da suka zo daga ƙauye kwanan nan, ko 'ya'yan ma'aikatan da aka turo daga kudu.

Yanzu mu koma kan ɗan yayata. Abin da yake nema shi ne shida ta fito aƙalla sau ɗaya a cikin jifa shida. Ya tara 1/6 sau shida kamar dai abubuwan ba sa haɗuwa, alhali shida tana iya fitowa a jifa na biyu ta kuma fito a na biyar. Da hujjarsa gaskiya ce, da jifa bakwai ya ba da 7/6, abin da ya wuce tabbas, kuma babu wannan a duniya. Gyara lissafinsa ta hanyar ɗebe haɗuwa ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai tsawo. Dabarar ita ce a zagaya ta bayan gida. Kishiyar "aƙalla sau ɗaya" abu guda ne: ko sau ɗaya ba ta fito ba. Wannan kuwa "da" ne zalla, kuskure da kuskure da kuskure, 5/6 a jera shi sau shida a ninka su da juna, ya ba da 15625/46656, kusan kashi 33 da rabi cikin 100. A cire daga ɗaya, saura kusan kashi 66 da rabi. Wato a cikin kowane mutum uku da suka jefa sau shida, kusan ɗaya zai tashi hannu rabbana.

Yaron bai kamata ya ji kunya ba, don manya sun faɗa ramin nan kafin shi. A Faransa, a ƙarni na 17, akwai wani bafade mai son caca da ake kira Chevalier de Méré. Labarin da ake bayarwa shi ne ya san cewa yin fare a kan shida za ta fito aƙalla sau ɗaya a jifa huɗu yana da riba, sai ya ɗauka haka abin yake ga shida biyu a jifa 24 na 'yan lido biyu, tunda 4 bisa 6 daidai yake da 24 bisa 36. Lissafi ya ce a'a. Na farko, 5/6 a jera shi sau huɗu a ninka, 625/1296 ne, saura 671/1296, kusan kashi 51.8. Na biyu, 35/36 a jera shi sau 24 a ninka, idan aka cire daga ɗaya, kusan kashi 49.1 ne. Ɗaya ya ɗan haura rabi, ɗaya ya ɗan gaza. Tambayoyin wannan mutumin suna cikin abin da ya sa Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musayar wasiƙu a 1654, kuma daga waɗannan wasiƙu ake yawan ƙirga farkon wannan fanni.

Tunda zancen caca ya shigo, bari in faɗi abin da ke raina. Wasu iyaye suna jin "lissafin yiwuwa" sai su ɗaure fuska, su ce ko duba ne ko koyar da caca. Ba duba ba ne, don bai taɓa gaya maka abin da zai fito gobe ba, ƙirga hanyoyi kawai yake yi. Ƙuri'a kanta ba baƙuwa ba ce a addini, ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Game da caca kuwa, ban san wa'azin da ya kai ninkawa tsoratarwa ba. Samarin da ke cika takardar fare da wasanni takwas a haɗe suna cewa kowane wasa "tabbas" ne. To a ce ma saurayin gwani ne, yana dacewa sau shida a cikin goma a kowane wasa. Dole duka takwas ɗin su faɗa daidai, wato 0.6 a jera shi sau takwas a ninka. Abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kullum sai ka ji ana cewa "wasa ɗaya ne ya ɓata mini", kamar wani tsautsayi ne na musamman, alhali haka aka gina takardar.

Inda nake so mai karatu ya fi natsuwa shi ne zancen sikila, don nan lissafin ya bar allo ya shiga ɗaki. Idan miji da mata duka AS ne, kowannensu yana ba ɗa ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadonsa biyu, A ko S, kowanne 1/2. Kafin a haifi ɗa SS, wato mai ciwon sikila, sai uba ya ba da S kuma uwa ta ba da S: 1/2 sau 1/2, ɗaya bisa huɗu. AA ma ɗaya bisa huɗu ne. AS kuwa hanya biyu ce, S daga uba A daga uwa ko akasin haka, a tara, rabi. Bishiyar goron nan ce dai, da rassa huɗu.

Matsalar ita ce yadda ake fassara "ɗaya bisa huɗu" a zaure. Wani magidanci da aka haifa wa ɗan fari mai sikila ya taɓa ce mini, "Malam, to ai mun biya namu, uku masu zuwa lafiya lau." Ya ɗauki abin kamar kwandon goro ne mai goro huɗu, an zare jan, saura farare. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon jifa ne, kwandon yana komawa yadda yake. Ɗa na biyu 1/4 ne, ko na farko SS ne ko ba SS ba ne. Akwai gidan da za a haifi huɗu babu mai ciwon ko ɗaya, akwai gidan da za a jera biyu ko uku. Wani kuma yakan yi kuskuren ta ɗaya gefen, ya ce ɗaya bisa huɗu ai kaɗan ne, kashi 75 na lafiya ne. Wannan gaskiya ne ga haihuwa ɗaya. Wa ke aure don haihuwa ɗaya a ƙasar nan? Yi dabarar bayan gida. Yiwuwar a haifi uku babu SS ko ɗaya ita ce 3/4 sau 3/4 sau 3/4, 27/64, kusan kashi 42. Wato yiwuwar aƙalla ɗaya ya zo da ciwon ta kusa kashi 58. Ga 'ya'ya huɗu, 81/256 ne su tsira duka, saura kusan kashi 68. Ga shida, 729/4096, wato aƙalla ɗaya mai sikila ya haura kashi 82 cikin 100. Wannan lambar ce ya kamata saurayi da budurwa su gani a gabansu idan sakamakon gwajin jini ya fito, kafin a kai goron tambaya. Hukuncin nasu ne da iyayensu, amma su yanke shi a kan 82, ba a kan 25 ba.

Akwai kuma kuskuren da ya kishiyanci na magidancin nan, wato ɗaukar abubuwa a matsayin masu zaman kansu alhali igiya ɗaya ta ɗaure su. Ɗan kasuwa ya raba albasarsa a manyan motoci biyu daga Marwa zuwa kudu. A ce kowace mota tana da 1/10 na yin latti har kaya su fara ruɓewa. Ya ninka, ya samu 1/100, ya kwanta barci. Lissafin daidai ne idan abin da ke kawo lattin taya ce ko injin, don lalacewar wannan motar ba ruwanta da waccan. Amma motocin biyu hanya ɗaya za su bi, ta Garwa su hau dutsen nan na kusa da Ngaundere. Idan wata tirela ta faɗi ta tare hanya, duka biyun za su kwana a layi ɗaya. A nan sanin cewa ta farko ta makara yana ɗaga yiwuwar ta biyu ma ta makara, kuma 1/100 ɗin ya zama mafarki. A takardar jarrabawa ana gaya wa ɗalibi a fili cewa abubuwan ba su dogara da juna ba. A kasuwa babu mai gaya maka, kai za ka tambayi kanka.

Akwai wasan da nake yi da kowane sabon aji idan mun zo ƙarshen wannan babi. Nakan tambaye su mutum nawa za a tara kafin yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta wuce rabi. Yawanci sukan ce 183, rabin kwanakin shekara. Amsar 23 ce. Ta bayan gida ake bi nan ma: na biyu ya kauce wa ranar na farko, 364/365, na uku ya kauce wa biyun, 363/365, haka har na 23. Idan aka ninka duka, abin da ya fito ya ɗan gaza rabi, saura kusan kashi 50.7 na a samu haɗuwa. Abin da ke ruɗar hankali shi ne mutum yana tunanin wa zai haɗa rana da ni, alhali tambayar kowa da kowa ce, kuma mutum 23 suna ba da bibbiyu har 253. A aji mai mutum 60 yiwuwar ta haura kashi 99.

Shekarar da na fara gwada shi, na ce kowa ya faɗi ranar da ke kan takardar haihuwarsa, ina jiran a samu biyu in yi murmushin malamai. Ban kai ƙarshen layin farko ba aka samu uku, duka 1 ga Janairu. Kafin in gama zagaya ajin sun kusa cika benci biyu. Yawancinsu a ƙauye aka haife su, ba a yi musu takarda ba sai da jarrabawar firamare ta matso, aka je aka ƙiyasta shekara aka ɗora mata ranar farko. Lissafin nawa ya ɗauka kowace rana a cikin 365 daidai take da 'yar uwarta, takardun kuwa ba su san da wannan ba. Wata yarinya a bencin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wannan ɗan lidon ai an yi masa nauyi a gefe ɗaya." Na ba ta alli na ce ta zo ta nuna wa sauran wane layi ne a lissafin ya rushe.